Gayyar da na kira a Lyon

A shekarata ta biyu a Lyon na shiga wata ƙungiyar sa kai mai gyaran tsohon kanal a bayan gari, hanyar ruwan da jiragen kaya suka daɗe da daina bi. Yawancin membobin tsofaffi ne. Duk wata sai a zauna a karanta abin da aka yi da abin da za a yi, kuma kullum zancen ɗaya ne: bango ya rushe, ga duwatsu jibge a bakin hanya, babu masu ɗauka. Wata huɗu ina jin wannan karatu har ya gundure ni.

Ni ɗan Maraɗi ne. A wurinmu in aiki ya fi ƙarfin gida, gayya ake kira. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na sami kawuna a gidan ma'aikata na Montreuil, na durƙusa na roƙe shi mutane. Ya yi ta dariya, wai Turawa sun sa ni yasar kwata kyauta. Amma ranar Asabar sai ga shi da motoci biyu cike da majiya ƙarfi, masu dako a kasuwar Rungis. Matata ta tashi da dambu cikin babbar tukunya.

Ban gaya wa kowa a ƙungiya ba. Wa ke neman izini kafin ya kira gayya? Shugabarmu, dattijuwa mai kirki da kafiya, ta tare mu da takarda: ba mai shiga kanal sai ya rubuta suna da adireshi, saboda inshora. Nan take fuskoki suka canza. Cikinsu akwai waɗanda takardun zamansu ba su kammala ba, na sani sarai, na manta. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. In suka juya haka, ba ni da idon da zan sake kallon kawu.

Na tambaye ta inda ikon takardarta ya tsaya. Ta nuna shingen da ya raba kanal da hanya. Na ce to, hanyar da ke waje ta kowa ce. Mutanen kawu suka jeru a kan hanyar, dutse yana bin hannu zuwa hannu, mu masu rajista muna karɓa ta saman shinge. Kafin la'asar tulin duwatsun ya ƙare.

A taron ƙarshen wata, da yake ni ke riƙe da rahoto, shugabar ta ce in rubuta cewa membobi ne suka yi aikin, gudun tambaya. Na ƙi. Na ce ba zan sa sunan kowa ba, amma ba zan ɗauki gumin wani in shafa wa wani ba. Aka karɓe rahoton daga hannuna, aka ba wani.

Na buga wa kawu waya ina huci, na zayyana masa komai. Ya bari sai da na gama.

"To, ka ci girma," in ji shi. "Rahoto nasu ne, su riƙe abinsu. Kai dai tambayo muna yaushe za a kawo wasu duwatsun."