Tayoyin da Isma'ila Ya Sassaƙa

A bakin gudron na Tasawa, wato titin kwalta, daf da inda motocin Mayahi ke lodi, akwai wata rumfar kara da aka danne rufinta da tsofaffin tayoyi. Nan Isma'ila mai faci ya yi shekara ashirin da shida. Kawu duk direbobi ke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ba shi da yawan magana. In aka kawo masa taya, sai ya shafa ta da tafin hannu kamar mai taya akuya a kasuwa, sannan ya ce wani abu.

Faci kowa na yi. Abin da ya fitar da sunansa shi ne sassaƙa. Tayar da ta cinye ta koma sumul, sai ya ɗora ta bisa wani tsohon turmi, ya sa lanƙwasasshiyar wuƙa a garwashi, ya bi sawun tsohon zanen yana yanka sabo. Kafin azahar ta fito da haƙora kamar jiya aka sauke ta daga Maraɗi. A yashin Kanan-Bakashe da Cake irin wannan taya lafiya lau take tafiya, shi ya sa ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi.

Ƙarshen bazarar bara, Bashiru, wani direba mai jigilar 'yan kasuwar ƙauye, ya gangaro masa da tayoyin bayansa biyu.

"Kawu, ga tsofaffi na kawo, a maida mini su 'yan mata. Da mutane kake yi wa haka, da Gwaggo Furera mai ƙosai ta riga kowa layi."

Isma'ila ya shafa su. Robar ta ƙeƙashe kamar busasshiyar fata, gefen duk ya tsattsage. Da wuƙa ta shiga taya ta biyu, sai ga farin zare ya leƙo. Ya dakata.

"Wagga ta ƙare, Bashiru."

"Haba Kawu! Kasuwa biyu kaɗai za ta yi mini. Ko hannun naka ne ya fara tsufa?"

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Isma'ila ya ƙarasa aikin, ya goga baƙin mai a inda zaren ya fito.

Kwana tara bayan haka aka yi yayyafin farko. Bashiru ya fito daga yashi ya hau gudron, mota cike da mutane da buhunan wake, sai ga shanun wani makiyayi mai suna Bello suna tsallaka hanya. Da tazara sosai ya hango su, ya taka birki. Tayoyin suka daina juyawa, motar kuwa ba ta tsaya ba. Ta dinga sulalewa, bayanta ya juyo gaba, ta kwanta a kwari. Ba a rasa rai ba, amma Hindu, wata mai tallan nono da ke zaune a bakin ƙofar motar, ta karye a ƙugu.

A tasha magana ta zama ɗaya: birkin sabo ne, satin nan aka gyara shi, saboda haka laifin mai shanu ne. Jandarma suka tsare Bello, aka kulle shanunsa a wani fili, ba ciyawa ba ruwan kirki.

Da aka jawo motar, Isma'ila ya je ya tsuguna a gindinta. Zanen da ya yanka ya dare, zaren ya fito fili. Abin da ya daɗe da sani ne ya dawo masa: birki taya yake riƙewa, taya ce ke riƙe ƙasa, busasshiyar roba kuwa ba ta riƙe jiƙaƙƙen gudron. Ya ɗago kai, ya ga Bashiru tsaye a kansa, hannu a naɗe da bandeji.

"Mi kake dubawa, Kawu?"

"Aikina."

"To ka dube shi ka tahi. In ka buɗe baki ni ka kashe, ka kashe kanka. Bafillacen nan kwana nawa zai yi? Su sun saba."

Kwana biyu Isma'ila ya yi yana lalata faci. Hanyarsa ta gida ta gefen filin nan take bi, kukan shanun kuma kullum sai ƙara dishewa yake. A rana ta uku, bayan sallar azahar, ya kwance tayar, ya gangara da ita har ofishin jandarma. Ya nuna wa babbansu zaren, ya faɗi wanda ya yanka da wanda ya shafa mai. Mutumin ya daɗe yana kallonsa.

"Tsoho, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

Washegari aka saki Bello, ya kora shanunsa arewa, bai ma san wanda ya yi magana ba. An karɓe wa Bashiru takardar tuƙi, yanzu in sun haɗu da Isma'ila sai ya kau da kai. Direbobin tasha suka koma wajen wani mai faci a hanyar Damagaram. Masu amalanke da masu babur ne suka rage wa Isma'ila.

Hindu ta yi wata biyu kwance a asibiti. Sau biyu Isma'ila ya sa rigarsa ta Juma'a ya kama hanyar asibitin da ledar lemo, sau biyun kuma daga bakin ƙofa ya juyo, don bai san da wane suna zai gabatar mata da kansa ba.