Jiƙon Maɗacin Babana

Babana falke ne. Da jakuna yake kai auduga da gyaɗa daga Bunguɗu zuwa Gusau, wani lokaci ya zarce Tsafe. Ciwon ya fara masa ne a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Inna ta riga ta rasu, ni ce babba a gida, ni ke yi masa abinci.

Ƙishirwa ce ta fara. Sai ya shanye ruwa cikin moɗa a tsaye, ya zagaya, ya dawo bakin randa. Yana ci sosai, amma kullum ramewa yake. Ba mu san sunan abin ba. Sai da na tsufa na ji jikokina suna cewa ciwon suga.

Wani tsoho mai magani a Bunguɗu ya duba shi, ya ce zaƙi ne ya yi masa yawa a jiki. Ya ba shi ɓawon maɗaci da garafuni, ya ce a jiƙa ya sha safe da yamma, ya kuma bar zuma da rake.

Baba ya ce, "Har yaushe, Malam?"

Tsohon ya ce, "Wannan ba shi da ranar bari."

A hanyar gida Baba ya ce mini bai taɓa jin maganin da ba a gamawa ba. Ko dai ya warkar a huta, ko kuma ba magani ba ne. Ni ma a lokacin na ga gaskiyarsa.

Ya sha dai. Ƙishirwar ta ragu, ya ɗan yi kumari, sai ya ce ya warke, in daina ɓata ruwa. Da ciwon ya dawo yana Tsafe, wani wanzami ya yi masa ƙaho, ya ce rashin ƙarfi ne, ya riƙa shan zuma. A Gusau kuma wani abokin fataucinsa ya rantse jifa aka yi masa, ya kawo turaren hayaƙi. Na rasa wanda zan bi. Wannan ya hana zuma, wancan ya ce a sha.

Nakan ce, "Baba, yau wanne za a yi?"

Sai ya ce, "Wanda kika gani, ɗiyata. Ni ma ban sani ba."

Haka muka yi shekaru, ya sha in ya ji jiki, ya bari in ya samu sauƙi. Wata rana a hanyar Kucheri ƙaya ta soke shi a ƙafa, bai ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Wurin ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Daga nan ya kama jiƙon ba fashi, har shi ke tuna mini. Bai kai kaka ba ya rasu.

Bayan an yi mini aure, ƙanen Baba, wanda ke noma a Nahuce, ya kamu da irin ciwon. Shi kam tun da ya fara jiƙon bai taɓa tsallake rana ba, zuma ko ɗanɗanawa ba ya yi. Ya rayu har aka yi auren ɗiyata ta fari, sai dai idanunsa sun mutu tun kafin nan. Wasu dangi suka ce maɗacin ne ya makantar da shi, wasu suka ce shi ya riƙe shi. Malamin unguwarmu ya ce kwana ne kawai.

Na taɓa tambayarsa ko yana jin maganin na yi masa aiki. Ya shiga laluben ƙwaryar jiƙon a gefen tabarma. Sannan ya ce bai sani ba, tsoron bari dai yake yi. Na miƙa masa ƙwaryar, ya sha, ya yamutsa fuska, ya tambaye ni ko an yi ruwa a Bunguɗu.