Yatsun Kawu da Tsohuwar Kwamfutarsa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekaru yana aikin duba dabbobi a ƙauyukan Zango kafin ya ajiye aiki ya dawo Daura. Da ya huta, sai ya ƙudiri rubuta littafi a kan magungunan da makiyaya suka koya masa. Yakan hau babur ya je ya ɗauki muryoyinsu da hotunan saiwoyi a waya, ya dawo ya juye su cikin tsohuwar kwamfutar da na harhaɗa masa. Ni kuwa lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata.

Wata Asabar da hantsi na kai masa fura, na tarar ya rufe na'urar da zani, yana zaune yana murza yatsunsa.

"Kawu, lafiya? Ina aikin?"

"Ɗiyata, na haƙura. Hannun ya tsufa. Sai in danna harafi in ga bai fito ba, in sake dannawa, can sai su zubo uku-uku. Ko kuwa kan ne ya fara taɓuwa."

Mutumin da ya saba kayar da bijimi ne yake faɗin haka. Na yaye zanin, na ce ya yi yadda ya saba in gani. Ya jona waya, ya sa a kwafe hotuna, sannan ya koma rubutu. Nan take haruffa suka maƙale, kibiyar linzamin kwamfutar ta daskare, faifan ajiya na ta gurnani a ciki.

Na karɓa na gwada da hannuna. Ni ma haka ta yi min.

"Ka gani? Yatsuna ma sun tsufa ke nan?"

Ya yi dariya, amma bai gamsu ba.

Kwana biyu ina karatu a kan abin bayan an tashi makaranta. Faifan irin na da ne, mai juyawa, allura ɗaya ce take karatu da rubutu a kansa. Akwai wani sashe na manhajar da ke tsara wanda allurar za ta fara yi wa aiki. Wanda ke kan na'urar Kawu yana fifita babban kwafi don ya ƙare da wuri, ƙananan buƙatun mai rubutu kuwa su jira a baya. Na samu wani tsarin da ke raba lokaci tsakanin ayyuka, yana gabatar da abin da mutum yake taɓawa a gabansa.

Karon farko da na sa shi, da aka kashe na'urar aka kunna ya koma gidan jiya. Sai da na gano inda ake rubuta shi ya zauna daram.

Da Asabar ta zagayo na yi wa Kawu bayani, ya gyaɗa kai. "Kamar ranar rigakafi. Ba ka barin mai akuya ɗaya ta yini don mai garke ya riga ta zuwa."

Na faɗa masa gaskiya cewa kwafin zai ɗan ƙara jinkiri. Ya ce ba tsere yake yi ba.

Muka sa hotunan da ya ɗauko a kasuwar Mashi gaba ɗaya suna kwafuwa, ya zauna ya yi bisimilla, ya rubuta sunan wata saiwa da ake ba saniya mai kumburin ciki. Kowane harafi ya fito a lokacinsa. Ya rubuta layi guda, ya ƙara wani, bai ɗago ba. Matarsa ta leƙo ta ce abinci ya sauka, ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata.

Na zauna kan tabarma ina sauraron ƙarar madannai har aka kira azahar. Kafin damina ta faɗi ya kammala babin shanu, ya shiga na tumaki, kuma duk Asabar ni yake karanta wa abin da ya rubuta a makon.