Kwalayen Takalman Malam Habibu

Bana shekara biyar ke nan da muka binne Malam Habibu a Manchester. Allah Ya jiƙansa. Dattijo ne da ya ajiye koyarwa a Zariya, ya zo bincike da furfurarsa. A masallacin unguwar Longsight ya tarar da ni a kusurwa ina karatu, ya ce, "Ɗan samari, kana da haƙurin kwafa?"

Aikinsa a kan babban ƙamus ɗin Turanci ne, wanda ke bin tarihin kowace kalma. Mutanen da ba wanda ya san su ne suka gina shi: kowa ya karanta littafi, ya kwafi jimla a guntuwar takarda, ya aika. Wasiƙun ɗaya daga cikinsu suna cikin akwatuna a wata ƙaramar ma'adanar tsofaffin takardu a Birmingham. Duk Asabar mukan je da fensir, don ba a shiga da biro. Malam yana bin sawun kalmomin da suka shiga Turanci daga ƙasashenmu. Komai da ajami yake kwafa, har Turancin, wai ya fi masa sauri. Kowace guntuwa da bisimilla a samanta, sannan ya jera su a kwalayen takalma.

Bayan rasuwarsa mai gidan haya ya matsa a kwashe kaya, ni kuma ina jarrabawa. Alhaji Bala, shugaban jama'armu, ya je kwashewa, ya buɗe kwalayen ya ga sunan Allah.

"Ai ba a zuba wannan a shara," ya ce mini daga baya. "Mun ƙona, mun binne tokar. Ko ba daidai ba?"

Na ce, "Daidai ne, Alhaji." Da zuciya ɗaya ya yi.

Na ɗauki alkawarin sake kwafa. Sai council, wato hukumar birnin, ta shiga yanke kuɗin ma'adanar. Aka rage ranakun buɗewa, aka sallami matar da ta san akwatunan, daga nan aka kulle. An ce wasiƙun suna sito. Na yi ta rubuta musu, amsar ba ta sauyawa: babu ma'aikaci.

Da Malam yana nan, ina jin zai fiƙe fensir ya ce mu jira. Ni na gaji da jira. Bara na wuce ta wurin, ginin ya zama na haya.

Abin da ya rage guntuwa ɗaya ce, wadda ya taɓa sa mini alama da ita a littafi. Bisimilla, kalma, jimla. A ƙasa ya rubuta: a duba akwati na gaba.