Harshen Doña Eustolia

Shekara talatin da biyar ba a yi bikin waliyyi San Isidro a garin ba tare da Doña Eustolia a bakin murhu ba. Ita ce uwar girki. Wanda duk aka ɗora wa nauyin bikin waliyyi a shekarar, ita yake fara zuwa roƙo kafin ya je wurin limamin coci, domin baƙar miyar mole ta mutum ɗari uku ba aikin kowa ba ce. Dokar madafa kuwa tun kaka da kakanni guda ce: hannu ɗaya ke sa gishiri, harshe ɗaya ke ɗanɗanawa. Sai uwar girki ta ce "ta yi" sannan a harba rokar wasan wuta sama, mutane su baro coci su zo cin abinci.

Ba haka ta taso ba. Tana budurwa, ko ido ba ta iya haɗawa da mutane. Shekara goma sha huɗu ta yi tana niƙa barkono da riɗi a ƙarƙashin tsohuwar uwar girki, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Da tsohuwar ta rasu aka miƙa mata muciya, tsoron kuskure ya mayar da ita wata mace daban, mai faɗa, wadda ba a yi wa musu. 'Yarta Hermelinda tana da shekara goma sha tara ta taɓa tsoma yatsa a tukunya, uwar ta buge hannun da ludayi a gaban mata, ta tura ta wurin wanke-wanke. Har Hermelinda ta haura hamsin, can take zama duk biki. Bayan mijin Eustolia ya mutu, 'ya'ya maza suka tafi arewa neman aiki, ba abin da ya rage mata da take taƙama da shi sai harshenta.

Sai ga shi tana da shekara saba'in da uku wani zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu. Ta tashi, amma harshen bai tashi ba. Kofi ya zama ruwan zafi, mangwaro ya zama ɓawo. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi biki biyu a haka, da ƙiyasin hannu: tafi bakwai na gishirin bakin teku, mai manyan ƙwayoyi, a babbar tukunya. Ta kan kai ludayi baki, ta lumshe ido, ta ce ta yi. Allah kuma ya rufa asiri.

A shekara ta uku bikin ya faɗo kan Don Nicanor, mai shagon kayan gini. Tun hantsi gidansa ya cika da hayaƙi da mata. Talotalo ashirin sun dahu, miya tana tafasa a hankali, baƙa wulik tana sheƙi. Tiburcia, ƙawarta tun ƙuruciya da suke kiran juna "comadre", kuma mace ɗaya tilo da ke iya tsokanarta, tana gefe tana gasa wainar masara.

"Comadre, bana ki tausaya wa Fada," in ji Tiburcia. "Bara sai da ya sha tulu guda na ruwa saboda barkononki."

"Wanda ya saba da miyar asibiti irin taki, ai dole ya yi kuka," Eustolia ta mayar mata, tana zura hannu a buhun gishiri.

"Miyata ce ta riƙe mijina shekara hamsin."

"Rashin haƙora ne ya riƙe shi, ba inda zai je."

Mata suka kwashe da dariya. Ita kuwa hannunta yana ta aikinsa kamar yadda ya saba, tafi ɗaya, biyu, har bakwai. Sai da ta zo kakkaɓe tafin a jikin zanenta ta ji abin ya manne mata kamar gari. Ta duba. Gishiri mai laushi ne, na kanti, fari fat. Don Nicanor ya ga ya fi tsabta ya sayo shi don burgewa, ba wanda ya gaya mata. Tafi bakwai na wannan ba tafi bakwai na wancan ba ne. Ko ya yi daidai, ko ya ninka, hannunta bai san amsa ba.

Ta juya miyar, ta ɗebo, ta hura, ta kai baki. Zafi kawai ta ji. Ta sake ɗebowa. Ta danna harshen a dasashi, ta riƙe numfashi, ko za ta ji wani abu daga nesa. Babu.

Ƙararrawar coci ta buga, alamar an kusa idar da addu'a. Don Nicanor ya leƙo da hularsa a hannu, roka a hammata.

"Doña Eustolia, a harba?"

Mata goma sha biyu suka tsaya suna kallon bakinta. Kalma biyu ce, ta faɗe ta sau talatin da biyar. In ta faɗa, wataƙila miyar lafiya take, ba wanda zai taɓa sani. In kuwa ba lafiya take ba, faranti na farko gaban mutum-mutumin waliyyi za a kai shi, na biyu gaban Fada, kuma mutum ɗari uku za su ture abincin da Nicanor ya yi shekara yana tanadi dominsa.

"Dakata," ta ce.

"Doña, mutane sun..."

"Na ce ka dakata, Nicanor."

Ta juya ta dubi can ƙarshen tsakar gida, inda 'yarta ke durƙushe gaban bahon kumfa.

"Hermelinda. Zo."

Hermelinda ta taso tana goge hannu, tana tsammanin wani kwano ne bai wanku ba. Uwar ta miƙa mata ludayi. Hermelinda ta ja da baya kamar an miƙa mata garwashi.

"Mamá, me zan yi da shi?"

"Ɗanɗana."

"Kai, comadre!" Tiburcia ta saki wainar da ke hannunta. "Harshe biyu a tukunyar waliyyi? Kin san abin da za a ce?"

"Harshe ɗaya ne," in ji Eustolia. "Nawa ya mutu shekara uku ke nan. Ba na jin gishiri, ba na jin zaƙi, ba na jin komai. Kun ji da kunnenku. Ke kuma ɗanɗana, lokaci yana tafiya."

Hermelinda ta kai ludayin baki. Fuskarta ta yamutse kafin ta iya ɓoyewa.

"Ya yi yawa, Mamá. Ba ya ciyuwa."

Wata ta yi salatin Maryamu a hankali. Eustolia ta shiga ba da umarni. Ta sa a kawo duk romon talotalon da ba a sa wa gishiri ba. Ta tura mata huɗu gida-gida su aro niƙaƙƙen barkono da cakulan da busasshen burodi. Ta ce wa Nicanor ya je ya gaya wa 'yan badujala su zagaya dandali da mutum-mutumin waliyyi sau uku, a hankali, kamar masu ciwon ƙafa. Aka raba miyar tukunya biyu. Ita tana zubawa tana juyawa, Hermelinda tana ɗanɗanawa tana cewa "saura", har karo shida. Sai wajen ƙarfe biyu roka ta tashi.

An ci, an ƙoshi, amma miyar ta yi ruwa-ruwa, kuma kafin a kwashe kwanuka labarin ya gama gari. Nicanor ya yi mata godiya bai dube ta ba. Ta san ba wanda zai sake zuwa ƙofarta roƙo, kuma haka aka yi: shekarar da ta biyo baya wata mata daga garin gaba aka ɗauko.

Da la'asar suka kama hanyar gida, uwa da 'ya, kowacce da ƙullin saura a kwando.

"Shekara uku muna cin abinci tebur ɗaya," in ji Hermelinda. "Me ya hana ki gaya mini?"

"Tsoro."

"Na wa?"

"Naki. Na ɗauka za ki ji daɗi."

Hermelinda ba ta musa ba. Ta dai karɓi kwandon uwar ta haɗa da nata. Da suka zo gindin bishiyar da ke bakin gada, tsohuwar ta zauna a kan dutse don ta huta.

"Ta ƙarshen nan, da kika ce ta yi," ta ce, "yaya take a baki?"

Hermelinda ta ajiye kwandunan ta zauna kusa da ita, ta ɗan yi tunani.

"Ɗaci ne ke fara zuwa, na ƙonannen barkono. Sai zaƙin ayaba ya biyo shi. Kirfa ta ɗan yi kaɗan."

"Kirfa ta yi kaɗan," Eustolia ta maimaita, tana gyaɗa kai. "To, sai me?"