Wanda ya ci gaba da duba aiki bayan mun binne shi

Shekarun baya, ina gyaran waya a wani ɗan shago a Tamanrasset, ni da abokina ɗan Damagaram muka shiga aikin wata manhaja ta kyauta mai nuna wa direbobi inda rijiyoyi suke a hamada. Kowa na iya tura gyara, amma ba ya shiga sai wani amintacce ya duba ya amince. Abokina yana cikin masu dubawa. Ni kuwa ina cikin waɗanda ake yawan mayar wa da nasu.

Sai motar da ya shiga ta kife a hanyar In Amguel. Da hannuna na sa shi a kabari. Daga nan aikin ya fita raina, ban ƙara leƙawa ba.

Bayan wata uku, shugabar aikin ta roƙe ni in fitar mata da bayanan duba gyare-gyare a tablo, wato jadawali, za ta rubuta rahoton shekara. Da azahar ce, kasuwa ta yi tsit. Na jera layukan bisa kwanan wata, sai ga sunan abokina a ƙasa. Ya amince da wani gyara sati biyu bayan rasuwarsa. Ga wani, ga wani kuma. Na ƙarshen na safiyar ranar ne.

Na buɗe ɗaya. An rubuta: "Rijiyar nan ta ƙafe tun bara, kada ka kashe mutane." Haka yake magana, babu kara. Ni da nake yi wa mutane dariyar tsoron aljanu, sai ga ni ina karanta Ayatul Kursiyyu a gaban ordinata, wato kwamfuta.

Da na gaya wa shugabar, ta ce ƙila wani ya saci kalmar sirrinsa. In ba a gano ko wane ne ba zuwa gobe, za ta soke duk abin da sunan ya amince da shi. Ke nan rijiyoyin da suka ƙafe za su koma kan taswira kamar suna da ruwa.

Na tafi gidansa. Matarsa tana takaba, ta bayan labule ta amsa sallamata. Na ji ƙarar fankar ordinatarsa daga ciki, sai na tambaye ta wa ke aiki da ita.

"Ni ce, Malam," ta ce. "Tun yana raye ni nake kiran 'yan'uwana makiyaya in tambayo masa labarin rijiyoyi, shi ya rubuta. Yanzu ba fita nake ba, ba kuma mai zuwa. In na danna, sunansa ya fito, sai in ji kamar yana ɗaki."

Na koma na gaya wa shugabar.

Ba a soke komai ba. An rufe asusunsa, aka buɗe mata nata, da sunanta a rahoton.

Tsoron ya daɗe da wucewa, amma kunyar tana nan har yau. Ina kiran kaina amininsa, gidansa bai fi tafiyar minti goma daga shagona ba, ban taka shi ba tun sadakar bakwai. Da ban zaci fatalwa ba ce, da ban je ba.