Silin Waya a Injin Baba Nomau

Har yau ban manta da ranar da Baba Nomau ya kawo mini injin ban-ruwansa ba. Shekarar da fetur ya yi tsada ce, wata uku bayan maigidana ya yaye ni a Jega na buɗe rumfata ta gyaran inji a Aliero. Ban san kowa a garin ba. Sai in wuni ina goge sifanu, babu mai ce mini sannu.

Baba Nomau tsoho ne mai noman albasa a fadamar Jiga Birni. 'Ya'yansa duk sun tafi Kudu, shi kaɗai yake aikinsa. Ya sauke injin daga keke ya ce, "Ɗan Jega, wanga abu sha shikai awa raƙumi. Rage mai ciki."

Ga wanda bai san aikin ba, a cikin kafireta akwai ɗan rami da fetur ke bi ya haɗu da iska. Wasu makanikai kan zura silin wayar wuta guda a ramin don ya tsuke. Injin zai rage shan mai, amma zai riƙa aiki da zafin da ya fi ƙarfinsa. Maigidana ya hana mu wannan tun muna yara masu wankin kayan inji. Na sani sarai. Amma ina son a ce akwai wani yaro a Aliero mai sa inji ya daina shan mai. Na zura wayar, na tayar, ya yi ƙara mai daɗi. Ban gaya masa komai ba.

Kwana tara bayan haka, wani mai babur ya tsaya a bakin rumfa ya ce injin Baba Nomau ya yi nokin, ya daina aiki tun shekaranjiya. Dashen albasa kuwa, in ya kwana uku babu ruwa a wannan zafi, ya tafi.

Na ɗauki kayan aiki na nufi fadama da hantsi. Gonarsa ce ta ƙarshe, babu kowa kusa. Na hango shi yana ɗibar ruwa da bokiti daga rijiya yana kai wa fangali, ya dawo, ya sake. Da na cire filogi na gan shi fari fat, na san aikina ne. Fistin ya liƙe.

Kwana biyu na yi a gonar. Na je Jega na samo fistin da ringi, na dawo na zauna a gindin injin. Shi yana jigilar ruwansa, ni ina kwance injin ina ɗaurawa. Da azahar yakan ajiye mini fura a gefe ya wuce. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Da injin ya tashi, fiye da rabin fangalan sun riga sun bushe. Na ɗauko silin wayar da na zare daga kafireta na ɗora a tafin hannuna na nuna masa. Na ce, "Baba, wannan ne ya kashe shi. Ni na sa, kuma na san abin da zai yi."

Ya duba silin. Ya ce, "Ni nac ce ka rage, gaskiya ta. Amma ɗana, ni albasa nas sani. Cikin ƙarhe kai ka sani. Don haka nit taho wurinka."

Ya ja tiyo ya nufi fangalan da suka rage. Bai gaya wa kowa ba har ya rasu, ni ma sai yau nake faɗa.

Ku da kuke koyon aikin nan, mai inji zai zo ya roƙe ku abin da zai cuce shi, don bai ga ciki ba. Ku kuka gani. Ku gaya masa, ko da zai ɗauki injinsa ya bar ku zaune ku kaɗai a rumfa.